Bizar Ziyarar Dangi: Ingila Ta Hana, Ta Kuma Garƙame Ƙofar Kotu

Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. To amma a yau duk mutumin Kankiya ko Kusada da Allah ya kai ɗansa ko ƙanwarsa ƙasar Ingila, karatu ko aikin asibiti, ƙafarsa ba ta isa can sai da yardar wani ma'aikaci wanda bai taɓa ganin sa ba. In ya ga dama ya bayar, in ya ga dama ya hana da takarda shafi biyu, wai bai gamsu za ka dawo gida ba. Abin da yawancin 'yan uwa ba su sani ba, kuma macuta ke cin kasuwarsu a kai, shi ne wannan hukunci ba shi da ɗaukaka ƙara. An toshe wannan hanya tun 2013, da gangan kuwa aka toshe ta.

Mai karatu ya tuna su wane ne ke tambayar mu hujjar shiga ƙasarsu. A 1903 da Lugga ya shigo Katsina da sojojinsa, wace biza ya nuna? Wa ya tambaye shi takardar banki, ko ranar da zai koma? Shekara hamsin da bakwai suka yi a zaune, suna kwasar gyaɗa da auduga da fata, suna karɓar haraji da jangali, suka ɗebi samarinmu zuwa yaƙin Bama. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta Ingila a tafiyarsa ta aikin Hajji, har ya gana da Sarki Joji na Biyar, don a lokacin suna bukatar mu. Da bukata ta ƙare, a 1987 suka ɗora wa 'yan Nijeriya dokar biza. A 2005 kuwa suka dakatar da karɓar takardun duk ɗan Nijeriya mai shekara 18 zuwa 30 da ke neman zuwa ziyara karon farko, har kusan shekara guda. Laifinsa kawai shi matashi ne.

Ga yadda aka yi wasa da 'yancin ɗaukaka ƙarar. A 1993 gwamnatin John Major ta soke shi ga masu ziyara. A Oktoban 2000 gwamnatin Tony Blair ta dawo da shi ga masu ziyarar dangi, amma ta sa fam 500 ga mai son alƙali ya zauna ya saurari shari'arsa. Da aka yi ca a kansu suka rage, a 2002 suka janye kuɗin gaba ɗaya. Jama'a suka yi ta kai ƙara, har ta kai kusan ƙara 50,000 a shekara, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na masu ƙarar suna yin nasara. Ma'ana, dubban mutane a kowace shekara alƙalan Ingila da kansu ke cewa a ba su bizar da aka hana su.

Mai adalci in ya ga haka, ma'aikatansa zai gyara. Su kuwa kotun suka nufa. A ƙarshen 2011 suka dawo da kuɗin ƙara, fam 80 in a takarda za a duba, fam 140 in za a zauna. A Yulin 2012 suka sake fassara kalmar dangi, suka fitar da kawu da baffa da gwaggo da inna, da ɗan wa da ɗan ƙane, da 'ya'yan maza da 'ya'yan mata. Don Allah a Kusada wa zai ce baffa ba uba ba ne? Marayu nawa ne gwaggo ta raina har ta aurar? Sannan ranar 25 ga Yuni, 2013, lokacin Theresa May na ministar cikin gida, aka soke 'yancin ɗungurungum. Hujjarsu wai ƙararrakin na cinye kuɗin masu biyan haraji, wai kuma masu nasarar sabbin takardu suke kawowa a kotu, don haka kowa ya sake nema, ya fi sauri. To wurin wa zai sake nema? Wurin wanda ya hana shi jiya, kuma da sabon kuɗi. Kura ce aka ba ajiyar nama, aka kuma ce ita za ta yanke shari'ar ɓatansa.

Wata 'yar kafa ce kawai suka bari, ta Sashe na 8 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, mai magana a kan zaman iyali. Ita ma kotunansu sun tsuke ta. A 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta duba shari'ar wata 'yar Nijeriya da ta nemi ziyartar ɗan'uwanta na 'yan makonni. Ta yi nasara a kotunan ƙasa guda biyu, amma wannan kotu ta rushe hukuncin, ta ce abin da ke tsakanin 'yan uwa baligai bai kai zaman iyalin da doka ke karewa ba, sai in akwai dogaro na musamman. Saura miji da mata, da iyaye da ƙaramin yaro, su ne galibi ke iya laɓewa a nan.

Kada wani ya ce ƙazafi muke yi musu. A Yulin 2019 wasu 'yan majalisar Ingila daga jam'iyyu daban-daban suka fitar da rahoto cewa ana hana kashi 27 cikin 100 na masu neman ziyara daga Afirka, alhali a duniya baki ɗaya kashi 12 ne. A Agustan 2020 ma'aikatar cikin gidansu ta jingine wata manhajar kwamfuta da take tace masu nema da ita tun 2015, wadda ke duba ƙasar mutum ta shafa masa ja ko ruwan ɗorawa ko kore, bayan da ƙungiyoyi biyu suka maka ta a kotu da zargin wariyar launin fata. A 2013 ma sun so su sa wasu 'yan Nijeriya da na wasu ƙasashe biyar su ajiye fam 3,000 jingina kafin su shiga, surutu ne ya sa suka fasa.

Ma'aunin nasu ma kansa na kashin dankali ne. A ɗauka dattijuwa ce a Kankiya, 'yarta ta haihu a Birmingham, tana son ta je wankan jego. Tana da gonar gado, da rumbu cike da gero, da tumaki a turke, da jikoki goma da ba ta iya wata biyu ba ta gan su ba. A idon ma'aikacin biza duk wannan ba dukiya ba ce, tunda ba ta bi ta banki ba. In 'ya'yanta suka haɗa mata kuɗi suka zuba a asusu, sai a ce kuɗin ba a san asalinsu ba. Ga kuɗin mota zuwa Abuja, ga masauki, ga kuɗin bizar wata shida da aka mai da fam 127 a Afrilun 2025, kuma in an hana ko kwabo ba a mayarwa. Amma ɓarawon gwamnati da ya sace kuɗin asibitin garinsu ya sayi gida a Landan, shi takardar bankinsa tsaf take. Su kuwa mahukuntanmu da ya kamata su yi magana, can suke zuwa ganin likita, yaya za su ɗaga murya?

To 'yan uwa matasa, ku ne kuke cike wa iyaye fom a waya da shagon kwamfuta, don haka nauyin a kanku yake. Na farko, ku karanta takardar hanawar har ƙarshe, a nan ake rubuta ko akwai damar ɗaukaka ƙara ko babu. In akwai, kwana 28 ne wa'adi ga wanda ke wajen Ingila. In babu, duk ejan da ya ce a kawo kuɗi zai ɗaukaka ƙara, ɗan damfara ne, ko da rawani ya zo.

Na biyu, akwai hanyar neman babbar kotu ta duba ko an bi doka wajen yanke hukuncin. Wa'adinta wata uku, ana fara ta da wasiƙar gargaɗi ga ma'aikatar cikin gida, tana son lauya a can da kuɗi masu kauri, kuma alƙalin ba ya ba da biza, iyakarsa ya ce a sake dubawa. Ɗan'uwan da ke can ya nemi lauya mai rajista, zai kuma iya kai kuka ga ɗan majalisar mazaɓarsa.

Na uku, in za a sake nema, a bi dalilan hanawar ɗaya bayan ɗaya a amsa su da shaida: takardar gona, rasit na ciniki, bayanin wanda ya turo kuɗi da dalilinsa, da wanda zai ɗauki nauyin tafiyar. A kuma faɗi cewa an taɓa hanawa, don ɓoyewar ma laifi ce a wurinsu.

Na huɗu, kuma mafi girma, ku nisanci takardar jabu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka kama da takardar banki ta bogi ana iya haramta masa shiga har shekara 10, ejan ya cinye kuɗinsa, tsohuwa ta rasa ganin jikanta, azzalumi kuma ya sami hujjar da zai ci gaba da kiran mu maƙaryata. Zaluncinsu bai halatta mana ƙarya ba.

Wanda ya nemi ganin ɗansa ko ƙanwarsa ba bara yake yi ba, zumunci yake son sadarwa, kuma ba abin kunya ba ne don an hana shi. Kunya tana kan wanda ya ga alƙalansa suna kama shi da rashin adalci, sai ya sa kwaɗo ya kulle kotun. Ku isar da wannan ga iyaye a zaure da majalisa, kafin wani ya sayar da sa ko gona ya miƙa wa ɗan damfara. Allah ya isar wa raunana, ya sada kowa da nasa cikin mutunci.