Fa'idodi da Illolin Injin Waje a Ƙasar Zinare

Lokacin da farashin zinare ya haura dala 1,000 kowane oza a 2009, ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara sun cika da ƙarar injin niƙa. Injin nan da ake shigo da shi don niƙa hatsi, shi aka juya wa aiki ya koma niƙa dutse. A Tungar Daji, Dareta, Abare da 'Yargalma, aikin da mutum zai wuni yana yi da turmi sai ya zama na ɗan lokaci.

Fa'idar a fili take. Kuɗi ya shigo, ga sana'o'i sun buɗe: mai tada inji, bakaniken da ke gyara shi, mai walda, mai sayar da mai. Yaron da ya iya kwance inji ya mayar ya samu abin yi ba tare da ya tafi cirani ba. Amma idan aka lura, ƙwarewar da injin ya nema ta hannu ce kawai. Bai zo da wanda zai auna dutsen ya faɗi abin da ke cikinsa ba.

Dutsen kuwa maƙare yake da dalma. Ana niƙa shi a bushe, a tsakar gida, ƙura na sauka kan abinci da ƙasar da yara ke rarrafe. A watan Maris na 2010 ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara. Daga baya aka ƙiyasta waɗanda suka rasu da kusan 400. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta gindaya wa gidaje a lokacin 400 ce.

Abin mamaki, maganin ma daga waje ya zo. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith sun kawo na'urar hannu mai auna dalma a ƙasa nan take, likitoci suka kawo maganin wanke jini. A nan ne aka buƙaci ƙwararru na gaske. An horar da ma'aikatan muhalli da na asibiti 'yan Zamfara, aka ɗauki mutanen ƙauye aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa, har zuwa aikin ƙauyen Bagega a 2013. Wannan riba ce, sai dai mai kwana a tabarmar aro ba ya barci da nauyi: aikin ya dogara sosai da kuɗin masu tallafi.

Binciken gida shi ke riƙe ƙwararre a wurinsa. Muna da Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa, da cibiyar sarrafa ƙarafa ta Jos, da jami'o'in Zariya, Sakkwato da Gusau. Nasu aikin yana da tsada, yana da jinkiri, kuma sau da yawa sakamakonsa a kabad yake ƙarewa, ba ya isa bakin rami. Duk da haka, dabara mai sauƙi kamar fesa ruwa lokacin niƙa, wadda aka gwada a Shikira ta Jihar Neja ta rage ƙurar dalma ƙwarai, ba ta fi ƙarfin injiniyoyinmu ba.

Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disamba 2024. Injuna za su ƙaru. Ya kamata gwamnatin jihar ta kafa ɗakin gwajin dutse da jini a Anka, ta ɗauki 'ya'yan yankin da suka karanta fannin, ta riƙa biyan su albashi daga baitulmalinta.