Wasan jirgin yaƙi ya fi mu koyar da taswira

Ƴan'uwana malamai, mu daina zagin wasan da ba mu taɓa zama mun kalla ba. A hutun nan a Yamai na tarar da ɗan ƙanena yana tuƙa jirgin yaƙi a kwamfuta, wasan IL-2 Sturmovik, wanda ke kwaikwayon yaƙin Stalingrad. Da faɗa na shigo, sai ga ni na ja kujera.

An yanka taswirar gida-gida, kowane gida kilomita 10 tsawo da faɗi, an kuma raba shi tara. Yadda suke buga shi, babu alamar da ke nuna inda jirginka yake: kamfas kawai, da agogo, da kogin Volga a ƙasa. Yaron ya ce: "Baffa, in ina gudun kilomita 300 a awa, minti biyu nake ƙetare gida ɗaya." Abokinsa na kiran lambar gida, ya san ta ina maƙiyi zai ɓullo. Wanda ya ɓata kuwa, mai ya ƙare masa ko a harbo shi.

Mu fa? Shekara ashirin ina sa yara haddace layukan taswira kamar aku, a aji marar taswira a bango. Maraɗi da Yamai duk suna kusan digiri 13 da rabi arewa. Ɗalibaina nawa za su iya nuna haka?

Iyayen da ke tsoron harbe-harben suna da gaskiyarsu, a ƙayyade lokaci. Ban kuma ce a sayi kwamfuta ba. Ranar Litinin da toka zan yanka filin makarantarmu gida-gida.