Ɗigon Jini a Kashin Jariri Ba Dalilin Yanke Nono Ba Ne

Babu uwar da za ta kwance kunzugun jaririnta ta ga zaren jini a kashinsa gabanta bai faɗi ba. Amma abin da ya fi damuna a wannan al'amari shi ne shawarar da ke biyo baya. Kafin rana ta faɗi wata ta ce basir ne, wata ta ce atini, wata kuma ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau, a cire yaron a ba shi madarar gwangwani ko nonon akuya. A wasu gidajen har a tatsi nonon a jefa tururuwa a ciki don a ga ko za ta mutu. Ya ke mai shayarwa, wannan shawara ta ƙarshe ita ce mafi haɗari, domin sau da yawa abin da za a ba yaron a madadin nononki shi ne ainihin abin da hanjinsa yake ƙi.

Akwai wani kumburi da ke samun ƙarshen babban hanji da duburar jariri, yawanci tsakanin mako 2 zuwa 8 da haihuwa, ko da yake yana iya bayyana har zuwa wata 6. Garkuwar jikin yaron ce take ɗaukar wani furotin na abinci a matsayin baƙo, sai fatar cikin hanjin ta kumbura ta riƙa tsattsafo jini. Furotin ɗin madarar shanu shi ne kan gaba, sannan waken suya da ƙwai. Abin da uwa za ta gani shi ne kashi mai majina da ɗigo ko zaren jan jini, alhali yaron yana kama nono sosai, yana wasa, nauyinsa yana ƙaruwa. Ganin jini a jikin yaron da lafiyarsa lau, wannan ita ce alamar da likitan yara yake fara lura da ita.

Za ki ce ai ɗanki bai taɓa ɗanɗana madarar shanu ba. Gaskiya ne, amma ke kina sha. Kaɗan daga furotin ɗin furar da kika dama da nono, ko shayin da aka cika wa madara don ki samu ruwan nono, yana ratsawa ya isa ga yaron. Tun a 1982 likita Alan Lake da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wannan a jarirai 6 da nonon uwa kaɗai suke sha, kuma a yau an san cewa da yawa daga masu wannan lalura masu shan nono zalla ne. Ke nan nonon bai lalace ba. Abin da ya shiga cikinsa ake gyarawa, a bakin uwa ake gyara shi.

Kafin a kai ga wannan, sai likita ya ga yaron, kuma a nan babu sassauci. Jini a kashi yana da dalilai da yawa. Wasu masu sauƙi ne, kamar 'yar tsagewa a bakin dubura, ko jinin da yaro ya haɗiya daga kan nonon da ya tsage. Wasu kuwa ba sa jira. Idan yaron yana amai kore, ko cikinsa ya kumbura, ko yana zazzaɓi, ko ya yi laushi ya ƙi nono, ko yana tsala kuka lokaci-lokaci yana naɗe ƙafafu kashinsa ya fito ja mai yauƙi, to asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, domin hanji kan shige cikin hanji ya toshe. Haka jaririn da aka haifa a gida ba a yi masa allurar bitamin K ba, zubar jininsa na iya zama na rashin daskarewar jini. Bakwaini ma hukuncinsa daban ne. Ka ɗauki hoton kashin a waya, kai maigida, ka nuna wa likita. Ya fi dogon bayani. Kuma ka bar sayo Flagyl a kemis: ba ƙwayar cuta ce ta kawo wannan kumburi ba, ba kuma abin da maganin zai kashe.

In likita ya natsu cewa rashin jituwa da abinci ne, babu wani gwajin jini ko na fata da zai tabbatar, saboda wannan nau'i ba ya bi ta hanyar da waɗannan gwaje-gwaje suke aunawa. Gwajin shi ne a cire a gani. Uwa za ta bar madara da dangoginta na mako 2 zuwa 4: nono, kindirmo, yogot, man shanu, cuku, madarar gari, har da biskit da cincin ɗin da aka kwaɓa da ita. Jinin da ido ke gani yakan ɗauke cikin kwana 3 zuwa 4, wani lokaci ya kai mako 2. Ba a fara cire komai da komai. Sai in bai ɗauke ba ake duba awara da ƙwai. Ita kuwa mai jego a kula da cikinta, a samar mata kalsiyam daga miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsa, ko ƙwayar da likita zai rubuta.

Yaron da yake kan madarar gwangwani, akwai ta musamman wadda aka farfasa furotin ɗinta, sai dai tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba, wanda ƙarin dalili ne na riƙe nonon uwa. Madarar da aka rubuta cewa ba ta da laktos ba za ta yi ba, don sukarin aka cire, furotin ɗin yana nan. Nonon akuya da na tunkiya kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya ƙwarai, ga shi kuma bai dace da cikin ɗan jariri ba tun asali.

Akwai mataki guda da iyaye, har da wasu ma'aikatan lafiya, suke tsallakewa. Bayan jinin ya ɗauke, ya kamata uwa ta koma shan madara bisa shawarar likita a ga ko zai dawo. Na san abin da wuya: wa zai so ya sake ganin jinin da ya samu ya rabu da shi? Amma a wani bincike da aka wallafa a 2006 daga ƙasar Finland, cikin jarirai 40 masu jini a kashi, 7 kaɗai aka tabbatar madarar shanu ce sanadi bayan an cire an mayar. Sauran jinin ya tafi don kansa. In ba a yi wannan gwaji ba, sai a bar uwa wata da watanni tana ƙaurace wa abincin da take buƙata a kan zato kawai. (Banda yaron da yake sheƙa amai awa 1 zuwa 4 bayan ya sha madara har ya galabaita, wannan wata lalura ce daban, kuma a asibiti kaɗai ake gwada ta.)

In jinin ya dawo, to an tabbatar, sai a ci gaba da kiyayewa. Yawancin yaran nan suna iya shan madara lafiya lau zuwa lokacin da suka cika shekara 1, kuma kumburin ba ya barin tabo a hanji. Ki ci gaba da kai shi awo, a duba nauyinsa, in jinin ya daɗe a auna yawan jininsa, sannan ki nemi likita ya sanya miki ranar da za a sake gwada madarar.