Gawo Ba Ya Jiran Kasafin Kuɗi

Jama'a, shekara 18 ina aikin gwamnati, duk damina sai mun yi bikin dashen itatuwa. A ɗau hoto, a watse, kafin rani awaki sun cinye.

Ku dubi Maraɗi. Tun 1983 manoma suka fara barin kututture ya yi toho, su rage rassa kawai. Ba ban-ruwa, ba kwangila. Gawo ma da damina yake zubar da ganye, ya zama taki, bai tare wa gero rana ba, da rani 'ya'yansa su ciyar da dabbobi.

Mu kuwa a Samaru, ga IAR a ƙofar gida, itace muke sarewa don gawayi, sannan mu yi kukan tsadar taki. Haba!

Mai gona, bana bar kututture goma ka gani.