Sharhi: Tsibirin Sipadan da darajar dukiyar da aka sa wa iyaka

A gabashin jihar Sabah ta ƙasar Malesiya, cikin tekun Selebes, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Sipadan wanda mutum zai iya zagaye shi da ƙafa cikin ƙasa da sa'a guda. Duk da ƙanƙantarsa, masu nutso a teku daga Turai, Amurka da Japan kan nemi gurbi tun da sauran watanni domin su samu izinin shiga ruwansa na yini ɗaya tak. Tsibirin ƙoƙuwar wani tsohon dutse ne mai aman wuta da ya taso kimanin mita 600 daga ƙasan teku, murjani ya lulluɓe shi. Wanda ya nutsa a gefensa zai haɗu da kififiya birjik da garken kifin barakuda da ke juyawa tamkar guguwa.

A daidai lokacin da zafin teku ke kashe murjani a sassan duniya, tarihin wannan tsibiri ya cancanci nazari, domin ya haɗa tsaro da shari'a da kasuwanci wuri guda.

A watan Afrilun 2000, 'yan bindigar ƙungiyar Abu Sayyaf suka tsallako daga kudancin Filifin, suka yi awon gaba da mutum 21, baƙi 'yan yawon buɗe ido da ma'aikata, zuwa tsibirin Jolo. An shafe watanni ana cinikin fansa. A lokacin kuwa Malesiya da Indonesiya na gaban Kotun Duniya da ke Hague kan mallakar Sipadan da maƙwabcinsa Ligitan.

A watan Disambar 2002 kotun ta ba Malesiya gaskiya, watanni biyu kacal bayan ta miƙa yankin Bakassi ga Kamaru. Sai dai hujjojin sun bambanta. A shari'ar Bakassi, yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 ce ta yi tasiri. A ta Sipadan, kotun ta ga cewa yarjejeniyar Ingila da Holan ta 1891 ba ta warware batun tsibiran ba, don haka ta duba wanda ya gudanar da mulki a aikace. Abin da ya ceci Malesiya shi ne dokar 1917 kan ɗibar ƙwan kififiya, da lasisin da hukuma ke bayarwa, da hasumiyoyin fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1962 da 1963. Ma'aikacin da ke ganin cike rajista da adana fayil wahalar banza ce, ya tuna cewa irin waɗannan takardu ne suka tabbatar wa ƙasa guda mallakar tsibiri.

Da mallaka ta tabbata, gwamnati ta ɗauki mataki mai ɗaci. Ta umarci duk masaukan baƙi da ke kan tsibirin su kwashe kafin ƙarshen 2004, saboda shara da ƙazantar ruwa da gine-gine sun fara lalata murjani, suna kuma korar kififiya daga wuraren da take saka ƙwai. Daga bisani aka ƙayyade izinin shiga ga mutum 120 a rana, adadin da aka ƙara a shekarun baya. Masu jari sun koka, amma abin da kowane ɗan kasuwa ya sani ne ya faru: hajar da ta yi ƙaranci darajarta ke tashi. Baƙon da ke son yini ɗaya a Sipadan yakan kwana uku ko huɗu a yankin, yana biyan masauki da abinci da kwale-kwale.

Waɗanda suka yi jinkiri sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2018 Filifin ta rufe tsibirin Boracay na wata shida saboda ruwan masai da ake zuba wa teku. A shekarar ce Tailan ta rufe gaɓar Maya, wadda wani fim ya sa dubban mutane ke tururuwa zuwa cikinta kullum, ba a sake buɗe ta ba sai Janairun 2022. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Duk da haka, ba a ce an gama da matsala ba. Masaukan da aka tasa sun koma tsibirin Mabul da garin Semporna, cunkoso da shara suka bi su can. Sannan akwai al'ummar Bajau Laut, masunta da suka gaji rayuwa a kan ruwa kaka da kakanni, waɗanda da yawansu ba su da takardar zama ɗan kowace ƙasa. A tsakiyar 2024 hukumomin Sabah sun rushe gidajen wasunsu a gandun ruwa na Tun Sakaran, bisa dalilin tsaro da kare muhalli, lamarin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi tir da shi. Idan kare kifi na nufin baƙo mai dala ya shiga, ɗan gida ya fita, to an bar baya da ƙura, domin wanda aka hana abinci ta halal zai iya komawa kamun kifi da nakiya, abin da ke farfasa murjani cikin daƙiƙa.

Barazana mafi girma kuma ta fi ƙarfin takardar izini. A Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta tabbatar da cewa duniya ta shiga zagaye na huɗu na koɗewar murjani sakamakon ɗumamar teku. Murjani bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in halittun teku sun dogara da shi. Abin da ƙayyade baƙi ke yi shi ne rage masa wahala, ko ya samu ƙarfin farfaɗowa bayan zafi ya lafa.

Najeriya ta kafa ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa a 2023, kuma ana yawan maganar janyo baƙi. Ba mu da murjani irin na Sipadan, amma tambayoyin ɗaya ne, ko a gaɓar teku ko a gandun daji irin Yankari: mutum nawa wuri zai iya ɗauka, wa ke tsaron rayukansu, kuma nawa ne ke shiga aljihun mazauna wurin? Malesiya ta amsa ta farko da ƙarfin hali, ta kashe kuɗi mai yawa kan ta biyu, ta uku kuwa har yanzu mutanen Bajau Laut na jiran amsarta.