Kada jami'a ta sayar da fom fiye da abin da ɗakin gwajinta zai ɗauka

Duk shekara jami'o'inmu suna buɗe sayar da fom na karatun gaba da digirin farko, kuma sharuɗɗan da ake gindaya wa mai neman digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, wato kemistiri, sanannu ne: digiri mai daraja ta biyu aƙalla, takardar kammala hidimar ƙasa, cikakken sakamakon jarrabawa daga jami'ar da ya fito, da wasiƙun malaman da suka san shi. Ɗalibi yakan baje komai nasa a faifai, amma ita jami'ar ba ta cika faɗa masa abin da ya fi shafarsa ba: na'urori nawa ke aiki a sashen, kuma mutum nawa ke layi gaban malamin da zai duba aikinsa. Ina ganin lokaci ya yi da za a daina ɗaukar ɗaliban kemistiri fiye da abin da ɗakin gwaji zai iya riƙewa, a kuma wajabta wa kowane sashe ya bayyana halin da yake ciki kafin ya karɓi ko sisin kwabo.

Dalili kuwa shi ne a wannan mataki kemistiri aikin hannu ne. Bayan watannin zaman aji, sauran karatun a gaban na'ura ake yin sa. Wanda ya tatso wani sinadari daga ganyen magani ba zai san ainihin ginin ƙwayarsa ba sai da na'urar NMR, wadda maganaɗisunta ke buƙatar ruwan iskar hiliyom domin ya zauna cikin tsananin sanyi, shi kuma hiliyom da dala ake shigo da shi. Mai auna ƙarafa masu guba a ruwa yana buƙatar fitila ta musamman ga kowane ƙarfe, da iskar gas, da wutar da ba ta ɗaukewa. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, duk waɗannan sun ƙara tsada. Abin da ke biyo baya kowa a sashen ya san shi. Ko dai ɗalibi ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya aika samfur wata jami'a ko ƙasar waje, ya zauna jiran sakamakon da bai ga yadda aka samo shi ba, ko kuma binciken ya tsuke ya tsaya a kan cewa ganyen yana ɗauke da kaza da kaza. Shi ya sa kundaye da yawa suke kama da juna. Karatun shekara biyu kuma sai ya kai huɗu, balle idan yajin aiki ya gitta kamar na 2022 da ya ci wata takwas, samfurori suka lalace a firijin da ba wuta.

Ba ɗalibin kaɗai ke asara ba. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara, kuma aunawa ce ta nuna inda gubar take a ƙasa da jinin yara. Ruwan da ke fita daga masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano yana ɗauke da sinadarin kuromiyom, yana kuma gangarawa inda ake noman rani. Mai takardar da hannunsa bai taɓa saita na'ura ba, da wane ƙarfin gwiwa zai ce wa hukuma ko kotu ga adadin gubar?

Za a ce rage gurbi zalunci ne ga Arewa, wadda ke ƙarancin masu manyan digiri, ga kuma ƙananan malamai da ƙarin girmansu ya rataya a kan digirin digirgir. Wannan damuwa ce ta gaskiya, sai dai ɗan talaka ne ya fi cutuwa da tsarin yanzu, domin shi ne ba ya iya biyan kuɗin gwaji a waje, shi ne kuma yake maimaita rajista shekara bayan shekara har ya haƙura. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Za a kuma ce jami'o'i da kuɗin waɗannan ɗalibai suke toshe giɓi. To, in haka ne, a ware kaso sananne daga kuɗin ya tafi kai tsaye ga sinadarai da gyaran na'ura, kowa ya ga lissafin. Masu cewa a koma binciken kwamfuta suna da tasu gaskiyar, fanni ne mai daraja da araha, amma abin da kwamfuta ta hasaso sai an tabbatar da shi a gwaji, kuma bai kamata rashin kayan aiki ya zaɓa wa mutum fanni ba.

Ƙayyade gurbi ma ba lallai ya zama rufe ƙofa ba, idan aka haɗa ƙarfi. A Zariya kaɗai akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello wadda tun 2004 take da ƙaramin injin nukiliya na bincike da ake tantance ma'adinai da shi, ga kuma cibiyar kimiyya ta Sheda kusa da Abuja. Sashen da ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da irin waɗannan, da farashi tsayayye da ranakun da ɗalibi zai taɓa na'ura da hannunsa, ya cancanci ƙarin gurbi. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund kuma ya riƙa haɗa sayen kowace na'ura da kuɗin kula da ita da horar da ma'aikacin da zai riƙe ta. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC tana da ikon sa kowace sanarwar sayar da fom ta ɗauki sunayen malaman da ke da gurbi, na'urorin da ke aiki a wannan zangon, kiyasin kuɗin bincike, da shekarun da ɗaliban baya suka ɗauka kafin su kammala.