Alkawarin Haraji Tsakanin Nijar da Faransa

Bayan haka, ya kamata mai karatu ya san asalin abin da ake kira yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasa da ƙasa. Idan mutum yana zaune a wata ƙasa, dukiyarsa kuwa tana jawo riba a wata, to, hukuma biyu ke da hannu a kansa, wato wadda aka sami ribar a cikinta da wadda yake zaune ƙarƙashinta. Domin kada a karɓi haraji sau biyu a kan samu ɗaya, sai ƙasashen su ƙulla alkawari, kowace ta san rabonta. Misalinsa kamar makiyayi ne a zamanin jangali, in ya biya a wata gunduma ya riƙe takardar shaida, ba a sake ƙirga masa shanu a gundumar gaba.

Irin wannan alkawari Nijar ta ƙulla da Faransa ran 1 ga Yuni, 1965, zamanin Shugaba Diori Hamani, shekara biyar bayan samun mulkin kai. Ran 5 ga Disamba, 2023, gwamnatocin soja na Nijar da Mali suka ba da sanarwa tare cewa sun warware alkawarinsu na haraji da Faransa, bayan Burkina Faso ta riga su a watan Agusta. Hujjarsu biyu ce: gabar da suka ce Faransa na nuna musu, da rashin daidaito cikin sharuɗɗan, wanda ke jawo wa baitulmalinsu hasara.

Hujja ta biyu tana da tushe. A bisa takarda sharaɗi ɗaya ke kan kowa, amma dukiya ba ta tafiya daidai ta fuska biyu. Kamfanonin Faransa sun daɗe da jari a Nijar, tun daga bankuna har ma'adinin yuraniyom na Arlit, wanda aka fara fitarwa a 1971, alhali jarin 'yan Nijar a Faransa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka duk sassaucin da aka yi wa riba da kuɗin ruwa da ladan aiki masu fita waje, matalauciyar ƙasa ke ɗaukar nauyinsa. Wannan shi ne kashin dankali, babba ya danne ƙarami.

Amma fa warware alkawari bai zama ƙarshen magana ba. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci ɗan Nijar mai samu a ƙasashen biyu ya rasa inuwar da ke kāre shi. Mai jari kuma, in ya ga za a tatse shi sau biyu, ko ya ƙara wa kaya tsada ko ya nufi wata ƙasa. Sa'an nan irin wannan alkawari shi ke buɗe ƙofar musayar labari tsakanin ma'aikatan haraji, wadda da ita ake gano mai ɓoye dukiya.

Abin da ya fi dacewa shi ne a sake zama a rubuta sabo bisa adalci, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Hanya kuwa tana nan. Tun 1980 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da samfurin yarjejeniya mai ba ƙasar da aka sami riba a cikinta rabo mafi tsoka fiye da samfurin ƙungiyar ƙasashe masu arziki. A Disamba 2023 kuma Babban Taron Majalisar ya karɓi ƙudurin da Nijeriya ta gabatar da sunan ƙasashen Afirka, na a tsara ƙa'idar haraji ta duniya a zauren da kowace ƙasa ke da murya.

Wajibi ne a kan hukuma ta horar da masana haraji, ta ƙididdige abin da kowane sharaɗi zai ci wa baitulmali kafin a sa hannu, ta kuma bayyana wa talakawa abin da aka ƙulla da sunansu. Alkawarin da aka sa wa hannu ba lissafi, jikoki ke biyan bashinsa. Allah ya sa shugabanni su gane. Haza wassalam.